Hannun Hagu na Goggo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma idan ranarsa ta yi. Ranar Goggo ta same ta wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na Argungu, aka kai ta makwancinta bayan Azahar. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Baba ne ya ja sallar gawa, kuma waɗanda suka tsaya a bayansa sun ce a kabbara ta uku muryarsa ta karye.

Ran sadakar uku na shiga ɗakin nata na tarar an cika shi da mata. Teburin da ke jikin bango an lulluɓe shi da tsohon zanen gado, an jera kulolin shinkafa da miya a kansa. Na zauna kusa da ƙofa ina amsa gaisuwa. Can sai na ji wata daga matan danginmu ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah shi gafarta mata. Mace mai ilimi, ga na addini ga na boko, amma ta ƙare da wasan yara."

Ta kusa da ita ta rage murya, amma ba ta rage yadda ba zan ji ba. "Ciwon nan in ya taɓa jiki, har kai shika taɓawa. Ni da kunnena na ji ta tana ta ihu ita kaɗai, hagu, hagu."

A tsakar gida kuwa tsofaffin ɗalibanta ne suka yi cincirindo, matan da wasunsu har sun yi jikoki, suna kuka kamar yaran da aka bari a tasha. A waje, kan benci, wani dattijo mutumin kudu yana zaune da hularsa a hannu. Ya fi shekara arba'in yana kasuwanci a Birnin Kebbi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da na fita gaishe shi, ya ce, "Mama ta tafi." Sannan ya ce, "Teburin yana nan?" Duk cikin masu gaisuwa shi kaɗai ya tambayi teburin.

Na koma ɗaki na fara sauke kulolin ɗaya bayan ɗaya ina ajiyewa a ƙasa. Innata ta harare ni ta ce, "Ba yanzu ba."

Na ce, "Yanzu, Inna. Gilashi na, zahin abinci shina hwasa shi."

Na yaye zanen gadon na ninke. Tun daga ranar nake son in rubuta wannan, domin idan na yi shiru, maganar matan nan biyu ce za ta zama tarihin Goggo a bakin jikokinta. Ban yarda ba. Hankalinta bai taɓa gushewa ba har ranar da ta cika, kuma abin da muka yi a kan teburin nan ni da ita, aiki ne.

Goggo malamar lissafi ce. Ta haura shekara talatin tana koyarwa a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Gidanmu gidan malamai ne, maza suna karantarwa a zaure, mata suna karantar da mata a ciki, ita ce ta farko da ta haɗa da alli da baƙin allo. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma kullum akwai guntun alli a ƙulle a bakin zanenta, har bayan ta bar aiki. Idan ka ce mata abu ya yi nisa, ko ya yi nauyi, ko ba zai yiwu ba, amsarta ɗaya ce: "Kin auna?" Idan ɗaliba ta ce ba ta sani ba, sai ta tsaya a kanta har sai ta ƙara kalmar "tukuna". Ni kaina na sha wannan tsayuwa. Ita ta tsaya mini har na karanci injiniyancin kwamfuta a jami'a, lokacin da rabin dangi suke ganin aikin jinya ko koyarwa ya fi dacewa da mace.

Sanin da ta yi wa dattijon nan na kudu ya samo asali ne daga 'ya'yansa mata biyu. Sun faɗi lissafi a jarabawar fita sakandare, ya rasa yadda zai yi, wani ya kwatanta masa Goggo. A lokacin tana yawan zuwa Birnin Kebbi ƙarshen mako wurin Baba. Sai ta ɗauki duk safiyar Asabar ta ba yaran nan, a ɗakin ajiya da ke bayan shagonsa wajen unguwar Gesse, kusan shekara guda, kuma duk abin da ya kawo na godiya ta mayar masa. A wannan ɗakin ajiyar ne teburin yake jingine, ya saye shi tun yana saurayi daga wani gidan shaƙatawa da aka rufe.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: dogon akwati ne mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, cikinsa kuma gangare ne. Ana harba ƙwallon ƙarfe wanda bai kai lemun tsami girma ba, ya haura can sama, ya yi ta karo da wasu turaku masu roba da fitilu, sannan ya gangaro. A ƙasa akwai 'yan sanduna biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da rata a tsakaninsu. Kowace tana da madanni a gefen akwatin. Idan ka danna a kan lokaci, sandar ta doki ƙwallon ya koma sama. Idan ka makara, ya faɗa rami. Mai shi yana kiran abin finbol. Goggo tana kiran sandunan hannuwa.

Shekara huɗu kafin rasuwarta ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, tana jan ta da sanda. Hannun bai dawo ba. Masu gashin ƙashi a asibiti suka ce ta riƙa motsa yatsu, suka ba ta wani ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ta jefar da shi bayan gado ta ce ita ba jinjira ba ce. Dattijon ya zo dubiya ya ji haka. Bayan mako biyu sai ga a-kori-kura a ƙofar gida da teburin a baya, an gyara shi, an cire wurin jefa kwabo an toshe da katako.

Na je wata Asabar na same ta a tsaye, ta jingina ƙugu da teburin, tana buga hannun dama. Jikarta ta ɗora mata hannun hagu a kan madanni ta tafi, hannun yana nan kwance kamar ba nata ba. Ƙwallo yana can sama bai ma fara gangarowa sosai ba na ji ta ce, "Hagu." Ya gangaro hagu, ya wuce sandar da ba ta motsa ba, ya faɗa rami. Ta sake harbawa. "Dama." Ta buge shi. "Hagu." Ya faɗa.

Ta juyo ta dube ni. "Kin gani? Ido shina gani, kai shina lissahi, wagga ta ƙi." Ta nuna hannun da haɓa. "Ke da kinka karanci kwamfuta kina zaune gida kina jiran takardar aiki. Yi mini hannun hagu."

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyar ke nan da gama karatuna, ina Gwadangaji kusa da Birnin Kebbi da mijina da 'ya'ya biyu, takardun neman aiki sun tafi ba su dawo ba, har na daina buɗe kwamfutata. Daga baya na taɓa tambayarta ko don ni ta ƙirƙiro wannan aiki. Ta ce, "Don kaina na yi. Kada ki maishe ni waliyyiya."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Kafinta ya yi mana wani katako mai kama da ƙofa ya tsallake teburin, muka rataye kyamara tana kallon ƙasa. Na haɗa ta da wata ƙaramar kwamfuta mai faɗin tafin hannu, na ja waya zuwa madannin hagu. Na rubuta mata umarni: da kin ga ƙwallo ya iso kusa da sanda, buga. Muka kunna. Ƙwallo ya gangaro, ya faɗa rami, sannan sandar ta ɗaga ta doki iska. Haka aka yi ta yi har La'asar. Na ce kyamarar ce ba ta da kyau, sai an sayo wata.

Goggo ta ce, "Ko wacce kinka kawo, inda ƙwallo yake ɗazu za ta nuna miki. Kahin hoto shi kai ga kwamfuta, kahin kwamfuta ta yi tunani, kahin sanda ta tashi, shi ya wuce. Bar bin shi a baya. Tarbe shi."

Ta sa na fito mata da hotunan ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfuta. Ta ɗauko littafin rubutu da rula, ta danne littafin da gwiwar hannunta mai lafiya, tana ɗiga inda ƙwallo yake a kowane hoto. Ɗigo uku, ta ja layi. Tazarar ɗigon ta gaya mata gudunsa, layin ya gaya mata inda ya nufa, gangaren teburi kuma yana ƙara masa gudu kaɗan kaɗan, ta ƙara wannan. Ta ɗiga na huɗu da jan biro ta ce, "Duba hoto na gaba." Na duba. Ƙwallon yana kusa da jan ɗigon, bai kai faɗin farce ba tsakaninsu. Abin da na koya a jami'a ne, amma sai da na gan shi a hannun tsohuwa mai hannu ɗaya ya zauna mini.

Wahalar tana wajen karo. A aji ana koyar da cewa yadda abu ya doki bango a karkace haka zai tashi a karkace. Teburin bai san da wannan ba. Roba tana cinye wani gudun, ƙwallo kuma yana juyi a kansa, sai ya tashi ya kauce. Na ɗauka ran Goggo zai ɓaci. Dariya ta yi. Ta ce, "Shekara talatin ina hwaɗa ma ɗiyan mutane rabin gaskiya." Muka zare gilashin. Duk mako, daga Lahadi zuwa Juma'a, ita kaɗai take sakin ƙwallo daga wuri guda, ta rubuta inda ya doka da inda ya tashi, ta sake, ta sake. Ran Asabar in zo in tarar da shafuka cike, in shigar da su kwamfuta. Ita ta gano cewa a watannin zafi robar tana laushi da rana, abin da aka auna da safe ba ya aiki bayan Azahar. Ita ta gano cewa ƙyallin ƙwallon yana ruɗa kyamara idan hasken taga ya faɗo masa, ta sa aka rataye baƙin mayafinta a tagar. Ita kuma ta hana ni ɓata lokaci a kan abin da ke faruwa can sama tsakanin turaku. Ta ce, "Can ba mai sani. Bari sai ya rabu da na ƙarshe, sannan ki hwara lissahi. Rabin daƙiƙa ta ishe mu."

Muna cikin wannan ne Baba ya zo. Wata Asabar ce, ina durƙushe a ƙarƙashin teburi da wayoyi a hannu, na ji sallamarsa. Mahaifina malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, mutum ne da bai saba a yi magana a kan gidansa ba. Ya gaishe ta, ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana duban fitilun da ke walƙiya.

Ya ce, "Yaya, mutane suna magana."

Ta ce, "Su wa?"

"Ba sai na kira suna ba. Sun ce injin caca anka kawo gidan yayar Malam."

"Tashi ka duba. In ka ga inda aka sa kwabo, ko wanda ka ci, ko wanda aka cinye, ni da kaina za ni sa a hwasa shi."

Bai tashi ba. Ya ce, "Sun ce kuma ɗiyata tana haɗa na'urar da ka hwaɗin abin da bai hwaru ba. Yaya, kin san nauyin wagga magana a gida irin namu."

Goggo ta ce mini, "Miƙa mishi ƙwallon." Na fito na miƙa masa. Ta ce, "Malam, tashi tsaye. Riƙe shi saitin babban yatsan ƙahwarka. To, saki."

Ban san abin da ya sa ya bi ba, wataƙila don tun suna yara haka take ba shi umarni. Ya saki. Kafin ƙwallon ya kai ƙasa ya janye ƙafarsa. Ƙarfen ya doki siminti ya gangara ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Don mi ka janye? Gaibu ka sani?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Abin da Allah ya ɓoye ya ɓoye shi, ni da kai munka karanta wanga a zaure guda. Abin da ya shimfiɗa a hili kuwa, ya ba mu ido da hankali mu duba. Ni hannuna ya mutu, kaina bai mutu ba. Masu magana in suna son in kwanta in jira likkahwani, su zo su hwaɗa mini da bakinsu."

Baba bai yi dariya ba. Ya saka takalmansa. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni ya ce, "Ban hana ki ba. Amma ban ji daɗi ba." Ya fita.

Da ya hana ni da ya fi mini sauƙi. Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Asabar ta zo ban je Argungu ba, na ce yaro ba lafiya. Ta gaba na ce mota. Ta gaba ban ce komai ba. Ta kira ni sau biyu na ƙi ɗauka, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu.

A mako na shida, da misalin sha ɗaya na safe, aka yi ham a ƙofar gidana. Na leƙa na ga motar haya, Goggo a baya, an tokare ta da matashi. Zaman mota yana ba ta azaba, tun da ta kwanta ciwo ba ta taɓa yin tafiya mai nisa haka ba sai zuwa asibiti. Na fito da gudu na ce a shigo da ita.

Ta ce, "Ba ni sauka. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Na ce, "Goggo, Baba..."

"Babanki ƙanena na, ni na goye shi, ni da shi za mu ƙare. Ke kuwa kin ɗauki aiki kin aje a rabi. Hannuna na zo karɓa. In ba ki iyawa, ki ce ba ki iyawa, in nemi wani."

Maƙwabta sun fara leƙowa. Na ce, "Ina iyawa."

"To shiga."

Na shiga ciki na ɗauko mayafi da kwamfuta, na bar wa ƙanwar mijina yara, na shiga motar. A hanyar Argungu, sai da muka wuce fadamun shinkafa ta miƙo mini littafin. Mako shidan nan duk ta cika su, ba ta tsallake rana ɗaya ba.

Wata biyu bayan haka hannun ya buga. Ta harba ƙwallo, ya gangaro dama ta mayar, ya gangaro hagu, sai muka ji ƙwas, sandar hagu ta ɗaga ita kaɗai ta cilla shi sama. Ya dawo, ta sake. Goggo tana dama, na'ura tana hagu, ƙwallo ya ƙi faɗawa har sai da ƙafarta ta gaji. Ta zube a kujera tana dariya har da tari. Ta sa hannunta na dama ta ɗago na hagu, ta dube shi ta ce, "Ke kin ƙi, an samu wani."

Mun yi faɗa ni da ita sau ɗaya, faɗa na gaske. Wani lokaci ƙwallo yana zuwa ta tsakiya sak, inda babu sandar da za ta kai. Na rubuta wa na'urar cewa idan lissafi ya nuna haka kada ta buga, domin yawan bugu yana zafafa naɗin wayar da ke ɗaga sandar, kuma idan ya ƙone ba a samun irinsa a kasuwarmu. Goggo ta lura. Ta ce, "Mi ya sa ta tsaya tana kallo?"

Na yi mata bayani. Ta ce in cire. Na ce lissafinta ne da kanta ya ce ƙwallon ya tafi. Ta ce, "Lissahina shina kuskure, ni na hi kowa sani. Ta buga." Na ce idan ya ƙone fa? Ta ce, "Shi ƙone shina aiki." Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce wannan ba ilimi ba ne, taurin kai ne. Ta ce mini in fita mata daga ɗaki. Na fita na zauna a gindin dalbejiya ina huci, har aka kira Azahar. Da na dawo na cire umarnin. Mafi yawan lokaci ƙwallon tafiyarsa yake yi. Amma jefi-jefi bakin sandar yana shafarsa ya kauce ya tsira, kuma duk ranar da haka ta faru sai ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu, ta ce, "An samu guda," ta kashe. Naɗin wayar ya ƙone sau ɗaya. Wani mai gyaran fanka ya sake naɗa mana shi.

Baba ya dawo da Sallah ƙarama. Ba wanda ya tayar da maganar. Har ta rasu bai ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta nemi ya ce ba. Amma ya ci gaba da zuwa duk wata, ya zauna a ɗakin ya ba teburin baya, su yi ta hirar mutanen da suka riga mu, ƙwallo yana ƙara a bayansa.

A shekararta ta ƙarshe ciwon ya sake bugunta. Hannun dama ya yi rauni, harshe ya yi nauyi, tsayuwa ta gagara. Na ɗauka teburin ya ƙare. Ta kira ni, da ƙyar na gane abin da take cewa: in haɗa damar ma. Na haɗa, na ƙara abin da ke harba ƙwallo da kansa. Aka matso da gadonta, aka ɗaga ta da matasai yadda za ta hangi gilashin. Daga nan na'ura ce ke buga duka biyu, ita kuma tana tsere da ita. Na sa wata 'yar fitila da ke kamawa idan kwamfuta ta yanke inda ƙwallo zai sauka. Goggo tana ƙoƙarin ta faɗa kafin fitilar ta kama. "Hagu." "Dama." "Ya tahi." Wani lokaci na'ura ta riga ta, wani lokaci ita ta riga na'ura, kuma idan suka saɓa ba kullum na'urar ke da gaskiya ba. Ihun da baiwar Allah nan ta gidan makoki ta ji ta taga ke nan. Da ta shigo ta zauna minti biyar, da ta ga tsohuwar da ba ta iya ɗaga cokali tana kayar da kwamfuta a lissafi.

Asabar ta ƙarshe da na gan ta ba ta yi magana sosai ba. Ta sa na karanta mata abin da ya sauƙaƙa daga Alƙur'ani, sannan ta nuna teburin da ido na kunna. Da zan tafi na ce, "Goggo, sai Asabar." Ta ce, "In an kai."

Bayan sadakar arba'in ɗanta ya ce za a gyara ɗakin, in zo in ɗauki abina. Na kawo teburin Gwadangaji da rana tsaka, a buɗe, na sa shi a falo. Na rataye kyamara, na haɗa wayoyi, na kunna. Na'urar ta kasa. Duk ƙwallon da ya gangaro sai ta buga kafin ya iso ko ta buga gefensa. Kwana uku ina bincike, waya lafiya, kyamara lafiya. Sai na kai ga wata 'yar lamba a cikin lissafin, wadda Goggo ta sa na ƙara tun farkon aiki, mai jan kowane hasashe kaɗan zuwa hagu. A lokacin na tambaye ta dalili ta ce haka ta gani, na shigar na manta.

Na kira ɗanta na ce ya shiga ɗakin ya zuba ruwa kofi guda a inda teburin yake da. Ya ɗauka wani abu ya same ni, amma ya zuba. Ya ce, "Ya gangara wajen taga." Tagar tana hagu. Daɓen ɗakinta ne a karkace, karkatar da ido ba ya gani, ita kuwa ta gan ta a tafiyar ƙwallo.

Mijina yana tsaye a kaina ya ce, "To ai da sauƙi. Naki daɓen daidai yake. Goge lambar kawai."

Na buɗe wurin, na sa yatsa a kan madannin gogewa. Na daɗe a haka. Sannan na rufe kwamfutar na fita bayan gida, inda magina suka bar ɓaraguzan tayil. Na tsinto 'yan gutsattsari na dawo na ce ya ɗaga mini ƙafafun dama.

Ya ce, "Ke da za ki gyara lissafi, sai ki karkatar da teburi?"

Na ce, "Lissafin ba abin da ya same shi. Ɗaga."

Ya ɗaga, na cusa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Muka gwada, bai yi ba. Na sauya da mafi siriri, muka sake. A karo na huɗu ƙwallo ya gangaro, sandar ta tashi ta same shi a tsakiya, ya koma sama yana kaɗa ƙararrawa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a gidan makoki.

Teburin yana nan a falona a karkace, kuma haka zai zauna. Baƙi suna cewa ƙafarsa ta gurɗe, in kira kafinta. Ba na kira.

Ya Allah, Kai ka ba ta hankalin nan, kuma ta yi aiki da shi har ranar da Ka karɓi abinKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka tashe ta da hannuwanta biyu lafiya. Mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.